Na sa alamar "an duba" a shafukan da ban karanta ba

Assalamu alaikum Anti. Ni ɗaliba ce, kusan shekara guda ke nan ina aikin sa-kai da wani ɗakin karatu na intanet. Wasu ke ɗaukar hoton shafukan tsofaffin littattafai, mu kuma mu duba rubutun da kwamfuta ta ciro daga hoton mu gyara. Wata bakwai da suka wuce na karɓi wani littafin tarihi mai shafi 340. Wanda ya yi sikanin ɗinsa dattijo ne, malamin makaranta mai ritaya, shi ya jawo ni cikin aikin, Baba nake ce masa. Hotunan ba su fita da kyau ba, wasu a karkace, wasu inuwa ta rufe bakin layi, shafi na 118 da na 119 ma babu su sam. Nauyinsa nake ji, na kasa faɗa masa. Shafi 200 na farko na duba su tsakani da Allah, har ina sabunta wa marubucin kalmomin da ya rubuta da tsohon salo. Da jarrabawa ta matso sai na bi sauran sama-sama, na sa musu alamar an duba. Yanzu mai kula da aikin tana tambaya ko a saki littafin. Ƙawayena sun ce in ce a saki kawai tun da ba biyana ake yi ba, amma abin ya hana ni sukuni. Yaya zan yi?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kada ki ce a saki littafin nan. Ina jin kin san haka tun kafin ki rubuto, don da zuciyarki ta yarda da shawarar ƙawayenki da tuni kin bi ta kin yi barcinki. Abin da kike nema a wurina shi ne hanyar da za ki fita daga wannan kwana ba tare da kin ɓata da Baba ba, kuma ba tare da kin zubar da mutuncinki a idon mai kula da aikin ba. Hanyar tana nan, kuma ta fi sauƙi a kan yadda kike hange.

Kin haɗa abubuwa da yawa a ƙunshi ɗaya kina jin nauyinsu baki ɗaya, alhali ba ɗaya suke ba. Jinkirin wata bakwai ƙaramin abu ne. Jarrabawa uzuri ce da kowa zai karɓa. Babban abin shi ne alamar nan da kika sa.

Ki duba yadda aka gina irin wannan aiki. A Wikisource, wani ɗakin karatu na intanet da 'yan sa-kai ke wa aiki, alal misali, kowane shafi yana da launi: ja idan ba a duba shi ba, rawaya idan mutum ɗaya ya duba, kore idan wani mutum na daban ya sake bi ya tabbatar, shuɗi idan akwai matsalar da ta gagara. Ba a yarda wanda ya mayar da shafi rawaya ya zama shi zai mayar da shi kore ba. Su kuma masu duba littattafan Project Gutenberg, wani ɗakin karatu na intanet mai ba da tsofaffin littattafai kyauta, a dandalin Distributed Proofreaders, sau uku ake iya bin shafi don kura-kuran haruffa, sannan sau biyu don tsarin rubutu, kafin wani ya harhaɗa littafin. Duk wannan tsari a kan abu ɗaya ya tsaya: na baya ya yarda da shaidar na gaba. Wanda ya tarar da shafi ja, zama zai gyara ya bi shi harafi-harafi. Wanda ya tarar an ce an duba, da wani ido zai karanta, mai sauri, mai neman ɗan abin da ya kuɓuce. A ƙananan ɗakunan karatu ma sau da yawa babu na bayan, alamarki ita ce magana ta ƙarshe. Shafin da ba a duba ba, aka bar shi a matsayin ba a duba ba, yana layi ne yana jiran mai lokaci, ko bayan shekara biyu wani zai zo. Wanda aka yi wa shaidar zur kuwa an fitar da shi daga layi, ba mai sake waiwayarsa. Shafuka 140 kika yi wa haka.

Ban faɗa don in ƙara miki damuwa ba. Na faɗa ne don ki ga cewa gyaran ma a nan yake, cire alamar aikin minti kaɗan ne.

Ƙawayenki ba su san irin kuskuren da kwamfuta ke yi ba, shi ya sa suke ganin bin sama-sama ya wadatar. Manhajar da ke mayar da hoto rubutu, wadda ake kira OCR, ba ta san ma'ana ba, siffa take gani. Idan tawada ta ɗan malala, r da n da ke maƙwabtaka sai su zama m, c da l su zama d, ƙaramin l ya koma lamba 1, harafin O ya koma sifili. A rubutunmu kuwa ƙugiya take sharewa: ƙafa ta koma kafa, ɓata ta koma bata, ƙarya ta koma karya. Kowace daga cikinsu kalma ce mai zaman kanta, manhajar duba kalmomi ba za ta ja musu jan layi ba, idon da ke gudu kuma ba ya ganinsu, domin ƙwaƙwalwa tana cike gurbi da abin da take tsammani. Littafinki na tarihi ne, wato cike yake da shekaru da sunaye, inda hatsarin ya fi yawa. Ni da kaina na taɓa wuce wani shafi da na'ura ta karanta 1863 a matsayin 1868. Dare ya yi, idona ya gaji, jimlar ta tafi sumul, na sa alama na wuce. Bayan watanni wani mai bincike ya rubuto yana tambaya yadda aka yi mutumin da babi na gaba ya ce ya rasu a 1865 ya yi tafiya a 1868. Kafin a gyara, an riga an sauke littafin an kwafe shi zuwa wurare da dama, kuma waɗancan kwafe-kwafen har yau da 8 ɗin suke yawo. Har yanzu idan na ga 3 a tsohon bugu sai na ƙara girman hoton.

Akwai kuma mai karatun da nake so ki sa a gabanki duk lokacin da kika zauna aiki, wato makaho. Mai ido idan ya ga kalma ta rikice zai iya buɗe hoton shafin ya duba, ko ya yi hasashe daga siffarta. Wanda manhaja ke karanta wa littafi a kunne, ko yake shafa shi da yatsa a rubutun Burel, abin da kika bari shi zai samu. Idan kika bar kan shafi da lambarsa a tsakiyar jimla, haka murya za ta karanto masa su. Idan shafi biyu suka ɓace ba a faɗa ba, jimlar ƙarshen 117 za ta manne da ta farkon 120, ya yi ta maimaitawa yana zargin kunnensa. Ga mutane da yawa irinsa, wannan kwafin da ke hannunki shi ne kaɗai hanyar shiga littafin.

Sai maganar ba biyanki ake yi ba. Gaskiya ne, kuma tana ba ki haƙƙi babba: ki zaɓi abin da za ki ɗauka, ki yi gwargwadon ƙarfinki, ki sauke idan ya yi miki nauyi ba mai ce miki don me. Tun asali ma haka aka so aikin ya kasance. Michael Hart, wanda ya fara Project Gutenberg a 1971 a jami'ar Ilinoyi ta Amurka, da hannunsa ya buga takardar ayyana 'yancin kan Amurka a kwamfuta, kuma shekaru da dama haka aka yi ta buga littattafai ɗaya bayan ɗaya, mutum guda da littafi guda. Da Charles Franks ya kafa Distributed Proofreaders a 2000, dabararsa ita ce a yanka littafi shafi-shafi a raba wa jama'a, ko shafi ɗaya mutum ya iya a rana ya isa. Da irin wannan tarin ƙananan gudunmawa ɗakin karatun ya haura littafi 70,000. Ba wanda ya nemi ɗaliba mai jarrabawa a gaba ta kai ƙarshen shafi 340 ita kaɗai. Abin da rashin albashi bai halatta miki ba shi ne ki ce kin yi abin da ba ki yi ba. Alkawari kaya ne, na kyauta da na kuɗi duk nauyinsu ɗaya a wurin wanda ke jira. Da kin rubuta a wata na uku kin ce "na tsaya a shafi na 200, wani ya ci gaba", da babu abin da za a ce miki sai sannu da ƙoƙari, da ƙila ma littafin ya fita tuni. Riƙe littafi shiru yana tare wa wasu hanya, domin duk mai son ɗaukarsa zai ga sunanki a kai ya wuce.

Yanzu ga abin da ban so in faɗa miki ba amma dole: shafi 200 ɗin da kike alfahari da su ma suna da gyara. Sabunta wa marubuci kalmomi ba ya cikin aikin mai duba rubutu. Dokar farko a duk inda ake wannan aiki ita ce rubutu ya yi daidai da hoton shafi. Idan marubucin ya rubuta kalma da salon zamaninsa, haka za ta zauna. Idan ya rubuta sunan gari iri biyu a wuri biyu, haka za a bar su. Na san da kyakkyawar niyya kika yi, kina so mai karatu na yau ya ji daɗi. Sai dai tsohon littafi shaida ne a kan zamaninsa, har da yadda ake rubutu a lokacin. Mai nazarin harshe da zai zo neman yadda aka riƙa rubuta wata kalma shekaru tamanin da suka wuce, idan ya buɗe kwafinki, rubutunki zai tarar ya ɗauka na marubucin ne, ya gina bincike a kai. Kuma wani lokaci abin da muke ɗauka kuskure ne, kalma ce da ta ɓace daga bakinmu, mu ne ba mu san ta ba. Ko da kuskuren maɗaba'a ne ƙuru-ƙuru, harafi ya juye ko an maimaita kalma, ƙa'ida ita ce ki bar shi yadda yake ki ajiye ɗan bayani a gefensa. Mai harhaɗa littafin shi zai yanke hukunci, idan ya gyara kuma ya rubuta wa masu karatu jerin abin da ya taɓa. Abin da ke hannunki ki gyara kai tsaye shi ne ɓarnar na'ura: harafin da ta karanta ba daidai ba, kalmar da aka raba a ƙarshen layi, tarkacen da ta tsinto daga tabon takarda. Yawancin dandalin wannan aiki suna ajiye tarihin kowane canji, saboda haka za ki iya jera rubutun farko da naki ki ga duk inda kika sa hannu ki mayar. Idan naku ba ya ajiyewa, ki rubuto kalmomin da kike tuna kin riƙa canzawa, a neme su ɗaya bayan ɗaya.

Haka nan inda inuwa ta cinye bakin layi. Idan kin cike wasu kalmomin da ka, ko da kina da yaƙinin daidai ne, ki koma ki sa musu alamar shakka.

Mu zo kan Baba. Shi ma yana da nasa nauyin, kuma ba a sauke masa shi don furfura. Mai ɗaukar hoto shi ne tushen aikin duka, abin da bai shiga hoto ba babu gwanin da zai ciro shi. Ana bukatar ya ɗauki kowane shafi, har da farare da shafin suna da bayansa inda ake rubuta shekarar bugu, ya shimfiɗa littafin yadda rubutun kusa da ɗinki ba zai lanƙwashe ya faɗa cikin inuwa ba, ya saita na'urar a kan ɗigo 300 a kowane inci aƙalla, ya ƙara idan rubutun ƙanana ne, sannan kafin ya tura ya bi hotunan yana ƙirga lambobin shafi. Wannan ƙirgar ta ƙarshe ita aka fi tsallakewa, kuma ita ce da ta kama matsalarku tun ranar farko.

Ga wani abu da zai sauƙaƙa miki magana da shi. Kin ce 118 da 119 ne babu. A littafi, lamba mai cika biyu-biyu tana hagu, wadda ba ta cika ba tana dama, wato 118 da 119 fuska da fuska suke. Da a ce takarda ce ta yage ta fita, da 117 da 118 ne za su ɓace tare, ko 119 da 120, don su ne gaba da bayan takarda ɗaya. Ɓacewar shafi biyu masu kallon juna alama ce ta takardu biyu da suka manne aka buɗe su tare. Kenan akwai kyakkyawan zaton cewa shafukan suna nan daram a littafin da ke hannunsa, aikin minti biyar ne ya ɗauko su. Wannan kuskure ne da ke samun kowa, musamman da tsohuwar takarda.

Nauyin da kike ji na fahimce shi, tarbiyya ce. Amma ki tuna wane ne Baba. Mutum ne da ya shafe rayuwarsa yana riƙe da jan biro yana gyara wa yara rubutu, sannan da ya yi ritaya ya zaɓi ya zauna yana juya shafi ɗaya-ɗaya kyauta don kada littafi ya mutu. Irin wannan mutum abin da zai fi ƙona masa rai shi ne ya ji daga bakin baƙo, bayan littafi ya fita, cewa aikinsa ya fita da giɓi kuma 'yar da ya jawo ta gani ta yi shiru wata bakwai. Ki same shi ku biyu, kada ki yi a gaban sauran masu aikin. Bayan gaisuwa ki ce: "Baba, akwai wuraren da suka gagare ni a littafin nan, ina so ka taimaka min. Shafi na 118 da 119 ban same su ba, ina jin takardun ne suka manne. Akwai kuma wasu shafuka da inuwa ta rufe min bakin layi, na rubuto lambobinsu. Ko za a iya sake ɗaukar waɗannan kaɗai?" Ki je da lambobin a rubuce, kada ki ce masa hotuna duk ba su yi ba, don ba gaskiya ba ne kuma ba zai san inda zai fara ba. Idan da hali ki ce za ki zo ki riƙe masa littafin yana danna na'ura. Mutum biyu sun fi ɗaya a wannan aiki, kuma idan ido ne ya fara ba shi matsala, za ki gane ba tare da kin tilasta masa faɗa ba. Ki kuma gaya masa naki laifin a zaman nan, cewa ke ma kin yi gaggawa a shafukan ƙarshe kuma za ki sake su. Idan ya ga ba ki zo a matsayin alƙali ba, maganar za ta sauka da sauƙi.

In littafin ya bar hannunsa, sai a nemi wani kwafin a ɗakunan karatu ko a rumbuna irin su Internet Archive, da sharaɗin ya zama bugu ɗaya ne, shekara ɗaya. Shafin bugu na biyu ba lallai ya dace da na farko ba, ana canza kalmomi da tsarin shafi tsakanin bugu da bugu. In an rasa gaba ɗaya, a rubuta ƙarara a wurin cewa shafi biyu sun ɓace.

Wani ɗan jan kunne, tun da kin ce littafin yana hannunki da daɗewa: kada ki riƙa tura fayil ɗin ga ƙawaye kafin a sake shi. Tantance haƙƙin mallaka aikin masu kula da ɗakin karatun ne, kuma ba ƙaramin aiki ba ne. Yarjejeniyar Berne ta 1886, wadda ƙasashe suka ƙulla kan haƙƙin mallaka, yadda aka sabunta ta daga baya, ta sa mafi ƙarancin kariya shekara 50 bayan rasuwar marubuci, ƙasashe da yawa sun kai ta 70, a Amurka kuma tsofaffin littattafai kan jira har shekara 95 daga ranar bugu. Wasu ɗakunan karatun ma izininsu na makafi ne da sauran waɗanda ba sa iya karanta rubutun bugu kawai, a ƙarƙashin yarjejeniyar Marrakesh ta 2013. Naki shi ne ki riƙe abin da aka ba ki a inda aka ba ki.

Ita ma mai kula da aikin tana da nata kason. Bai kamata a bar wa sabuwar hannu littafi mai shafi 340 a yi wata bakwai ba a leƙo ta ba, kuma da an zaunar da ke an nuna miki ƙa'idar bin hoton shafi da ba ki sabunta kalma ko ɗaya ba. Amma ki bar ta ta gano wannan da kanta, kada ki sa shi a saƙonki ya zama kamar kina kare kai. Ki rubuta mata gajere: kada a saki littafin tukuna, shafi na 201 zuwa 340 ba ki duba su yadda ya kamata ba kuma kin cire musu alama, a shafi 200 na farko kin canza rubutun wasu kalmomi kuma za ki mayar, shafi biyu babu, za ki yi magana da Baba a kansu. Sannan ki faɗi abin da za ki iya da gaske. In shafi biyar ne a mako, ki ce biyar. In ba za ki iya komai ba sai bayan jarrabawa, ki ce a ba wani. Na daɗe ina hulɗa da masu kula da irin wannan aiki, kuma wanda suke riƙewa da hannu biyu shi ne mai cewa "a nan na tsaya".

Idan kin koma kan shafukan, ki ajiye hoton a gefe ɗaya rubutun a gefe ɗaya, ki ƙara girman hoton, ki bi layi-layi, ba karatun jin labari ba. Kada zama ɗaya ya wuce awa guda, bayan nan ido ya fara ganin abin da yake so. Kin gama shafi, ki sake bin shekaru da sunaye da haruffa masu ƙugiya su kaɗai. Shafin da ya gagara ki sa masa alamar matsala ki wuce, an tanadi alamar ne don haka.

Ki fara da cire alamun nan yau, kafin ma ki rubuta wa kowa, don kada wani ya ga littafin a kammale ya sake shi cikin dare. Saƙon mai kula ya biyo baya, Baba kuma ki same shi cikin makon nan da takardar lambobinki a hannu. Allah ya ba ki sa'ar jarrabawa.